Ranar da Motar Alhaji Mande Ta Kife

Ku da kuke leƙowa ta tagar shagonmu kuna cewa Arzika ya samu aikin zama, danne-danne kawai yake yi a inuwa, ku matso in gaya muku. Ba ni da dogon zance. Ban yi boko ba. Baƙaƙen da nake rubutawa a jikin mota na koye su, ɗaya bayan ɗaya, awa yadda makiyayi ke gane shanunsa da ƙaho.

Aiki na farko da aka bar ni na taɓa, ƙofar bayan wata gingimari ce a garejin Acida. Kafin nan shekara biyu na yi ina wanke buroshi da kananzir a hannun maigidana, Baba Nomau. Shi ya nuna mini yadda ake shafa wa zare alli, a ɗaure shi gefe da gefe, a ja a saki, layi ya fito a miƙe. Ya nuna mini yadda ake dama fenti. In ya yi kauri, buroshi ya ƙi tafiya. In ya yi ruwa, baƙi ya yi hawaye har ƙasa. Rannan kalma ɗaya ya ba ni, HAƘURI. Na faro da manyan baƙaƙe, ina jin kaina, kafin in kai ƙarshe wuri ya ƙare, na matse na ƙarshen awa ɗan tsako a lungu. Baba Nomau ya tsaya ya duba, ya miƙo mini tsumma.

"Awo aka fara yi, kana a rubuta," in ji shi. "Goge."

Na goge.

Wani aikin da ban manta ba, ba a ma yi shi ba. Wani direba daga Rabah ya zo da sabbin robobin bayan taya, waɗanda ke tare laka, yana so a rubuta masa sunan Allah a kansu, wai na baya ya gani ya ji tsoro. Baba Nomau ya aje gwangwani ya bi shi da sanda har bakin titi. Da ya dawo ya ce mini a wannan sana'a sunan Ubangiji ba ya sauka ƙasa da ƙirjin mutum a tsaye. Goshin mota, saman bodi, nan ne wurinsa. Ƙasa kuwa a sa sunan gari, a sa habaici, a sa zaki da dabino. In kuma za a sake wa mota fenti, ba a bin sunan da wani launi a rufe. Kankarewa ake yi a kan takarda, a tattara ɓawon, a haƙa wuri mai tsarki a binne. Shekara talatin na yi da buroshi daga Dinawa har Goronyo, ban karya wannan ba, kuma direbobi sun san ni da haka.

Abin da ya fara cin sana'ar sitika ce. Injin bugawa ya zo Sakkwato, mutum ya tafi da safe ya dawo da rubutunsa a naɗe, ya liƙa. Rana ta ci shi a wata shida, amma ba wanda ya damu. Sai kuma shekarar da ɓarayin daji sunka tare hanyoyi, aka rufe kasuwanni. Motoci sunka kwanta, tayoyi sunka sace. Mai motar da ba ta fita ba ya neman ado. A wannan shekara na tafi Rara rubuta allon wani injin niƙa, a hanyar dawowa aka tare mu. An shiga da mu daji, an sako mu. Ba shi na zo faɗa ba. Igiyar da sunka ɗaure ni da ita ta kashe mini jijiya a hannun dama. Da na dawo na ɗauki buroshi na gwada layi ɗaya a bangon gida, ya fito awa sawun tsutsa. Na ba da gwangwanayena, na tafi Goronyo gadin rudu, rumbun da ake aje albasa.

Can Injiniya Tukur ya same ni. Dattijo ne ɗan Wurno, daga gidan alƙalai, ya yi aikin kwamfuta a birane shekaru da yawa, ya dawo gida da furfura.

"Malam Arzika, aiki gare ni."

"Hannu ya mutu, Injiniya."

"Ba hannunka nika so ba. Idonka nika so."

Shagon da ya buɗe a Wurno na koyon tuƙi ne, amma ba mota. Ya ciro sitiyari da birki da totur daga wata matacciyar mota, ya haɗa su da kwamfuta da babbar talabijin, ya sa sola a rufi. A cikin talabijin ɗin akwai hanya, tun daga Goronyo har Acida, da kwanoninta da gadojinta da ramukanta. Mai koyo ya zauna ya tuƙa, in ya faɗa rami ba wanda ya mutu, ba man da ya ƙone. Abin da ke riƙe da wannan duniya ta cikin kwamfuta shi Injiniya ke ce wa injin kwaikwayo. Ya gina hanya da kyau. Amma allunansa na bakin hanya, ko makaho ya ga ba mai sana'a ne ya yi su ba.

Ga yadda abin yake. Kome a cikin injin nan daga akwati ake gina shi. Gida akwati ne, allo akwati ne da aka danne ya yi fale-fale. Kowane akwati ana lulluɓe shi da hoto, mu fata muke ce masa. A kan fatar nan ake rubutu, kuma ba buroshi, ba alƙalamin da za ka riƙe. Umarni kake ba injin a rubuce, layi bayan layi. Shimfiɗa launin ƙasa. Ɗauki launi kaza. Girman baƙi kaza. Kai alƙalami wuri kaza. Rubuta kaza. Umarnin da Turanci suke, ban san fassararsu ba har yau, siffarsu na haddace kamar yadda na haddace baƙaƙe. Kowane umarni yana ƙarewa da wata 'yar alama, ɗigo a kan waƙafi. Ka mance ta sau ɗaya, allo ya fito fari fat, kuma injin ba zai gaya maka dalili ba. Jaki ne. Inda ka ja shi nan yake zuwa, ko rijiya ce.

Allon shiga Acida shi ne aikina na farko a wurin. Da yatsa ɗaya na hannun hagu na buga shi, yini guda. Injin daga kusurwar sama ta hagu yake fara ƙirga wuri, ya yi dama, ya yi ƙasa, ni kuwa daga tsakiya na saba farawa. Da na gama, baƙaƙen sunka fito a baje awa kwaɗin da mota ta taka. Dalili, fatar murabba'i ce, allon kuwa dogo, da aka ja ta a kansa sai kome ya miƙe. Injiniya ya ce akwai lissafinsa, ya ɗauko takarda. Na ce ya bari. Na rage faɗi, na duba, na ƙara ragewa, na duba, har idona ya kwanta. Da ya gama lissafinsa ya zo, lambarsa da tawa ɗaya.

Ni ma na koya masa nawa. Bai san inuwar baƙi ba. Na ce wa injin ya rubuta kalma da baƙin launi, ya matsa kaɗan sama da dama, ya sake rubuta ta da rawaya. Kalmar ta taso awa za ka ɗauke ta da hannu. Na nuna masa cewa siririn baƙi narkewa yake daga nesa, direban da ke gudu ba ya karanta shi. Na nuna masa ja a kan kore yana gajiyar da ido. Launi a injin da lamba ake kiransa, don haka na samu kwali, na ɗiga fenti na gaske kala-kala, gefen kowane Injiniya ya rubuta lambarsa. Kwalin nan yana rataye har yanzu, shi ne gwangwanayena.

Da labari ya bazu, masu motoci sunka fara zuwa, kowa yana so a sa tasa motar a cikin hanyar, da adonta da rubutunta, yaransa su koya a kanta. Masu wuyar sha'ani ne kamar kullum. Wani daga Magarya ya dawo da ni sau uku a kan ja. Wai jan motarsa ba wannan ba ne. A ƙarshe na gane jan da rana ta ci shekara goma yake nufi. Na kashe launin, ya ce yauwa.

Aikin Alhaji Mande shi ne dalilin wannan zance. Alhaji Mande babban mai fataucin albasa ne a Goronyo, in ya yi magana a gareji an gama. Ni na rubuta masa motarsa da buroshi tun tana sabuwa, shuɗin bodi, rawayan baƙi, ALLAH GATAN KOWA a sama, hagu da dama da baya. A mugunyar shekarar nan aka ƙone ta a hanya, da kayanta. Ya zo shago ya zauna, bai ko duba talabijin ba.

"Arzika, ka tuna da ita?"

"Na tuna, Alhaji."

"Ita nika son gani tana tahiya."

Injiniya ya gina motar. Sauran motocin da katako-katako yake haɗa bodinsu, kowane gefe da nasa. Wannan kuwa ya yi bodin da akwati guda, don kada ta yi wa injin nauyi, ya ɗora buhuna da tamfol a sama. Ni kuma na yi fatar, kwana huɗu. To, a wurin liƙa fata umarni iri biyu ne. Akwai gajere, wanda ke lulluɓe akwati gaba ɗaya. Akwai dogo, wanda sai ka faɗi lambar fuskar da kake so. Gajeren na saba da shi, don allon hanya gaba da baya ne kawai. Na buga shi. Na zagaya hagu, rubutu ya zauna. Dama, ya zauna. Baya, ya ɗan matse, amma haka yake a ta gaske ma. Na ce madalla, jifa ɗaya tsuntsu uku.

Alhaji ya zo ya gani. Ya daɗe yana kallo, ya ce a bar ta cikin hanyar, duk mai so ya tuƙa. Sati uku ana tuƙa ta, ita kowa ke zaɓa.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci shagon ya cika. Alhaji yana nan da mutanensa. Wani direba Labbo, mai cika baki, ya ce shi shekara ashirin yana kan hanya, wasan yara ba zai ba shi wuya ba. Ya zauna ya taka totur.

"Labbo, sannu-sannu, ba jakin babanka na ba!"

"Ku yi kurum, ku da ko amalanke ba ku iya ba."

"Kwanar gada ta gabanka!"

"Na san ta tun ba a haihe ka ba."

Ya shiga kwanar da gudu. Motar ta ɗaga ƙafa, ta mirgina, ta kwanta tayoyi sama. Shago ya ɗauki shewa. Wani yana cewa a kira masu kwasar albasa, wani yana cewa a duba ko lasisin Labbo a kasuwar Acida aka auno masa shi da tiya. Ni ma ina dariya. Sai na ji dariyar tana mutuwa daga gaba, tana zuwa baya.

A cikin motar, wato ƙarƙashinta, tsakanin tayoyi, ga rubutu rawaya a kan shuɗi, da inuwarsa, tsaf. ALLAH GATAN KOWA. Sati uku yana kallon ƙasa, yana bin ramuka da laka da kashin shanu.

Akwati fuska shida gare shi. Mai buroshi bai taɓa tunanin cikin mota ba, don fenti ba ya zuwa inda hannu bai kai shi ba. Shekara talatin na yi ina ganin mota gefe huɗu ce. Injin kuwa na ce masa lulluɓe, ya lulluɓe, har ƙasa, har daɓen da buhuna ke kai.

Injiniya ya yi saurin tashi. "Alhaji, a yi haƙuri. Wanga duk haske na. Babu hanya, babu laka, babu mota. Hoto na kawai."

Alhaji Mande ya juyo a hankali. "In hoto na kawai, Tukur, ni mi naz zo gani tun daga Goronyo?"



"Ni na gina bodin da akwati guda," in ji Injiniya. "Laihina na."

"A'a," na ce. "Wanda yar rubuta shi ad da rubutu. Ni na."

Alhaji ya dube ni. "Kai, Arzika? Kai da Baba Nomau yat tasa?" Ya miƙe ya gyara riga. "Ku hidda motata daga cikin abin ga."

Ya fita, mutanensa sunka bi shi. Na san abin da zai biyo baya. Kafin magariba kowane gareji zai ji cewa Arzika ya ja sunan Allah a ƙasa. Hannu na riga na rasa. Sunan da na yi shi kaɗai ya rage mini a sana'ar, kuma in Alhaji ya janye, sauran masu motoci ba za su tsaya ba.

Injiniya ya ce gyaran minti biyu ne, a ƙara umarni ɗaya a ƙarshe, a shafe cikin motar da baƙi. Na ce ba da ni ba. Injin daga sama yake bin umarni zuwa ƙasa. Ke nan duk safiyar da aka kunna shi, sai ya fara rubuta sunan a ƙasa, sannan ya rufe da baƙi. Ido ba zai gani ba, amma ana yi. Ya ce ba lalle haka yake aiki a ciki ba. Na ce ni haka na karanta layukan. Sannan na ce a kira Malam Liman, don ban san yadda ake kankare abin da ba shi da ɓawo ba.

Washegari da hantsi Malam Liman na unguwarmu ya zo da sandarsa. Tsoho ne, daga gidan malamai, bai taɓa shiga shagon ba. Aka nuna masa motar a kife. Ya matsa kusa ya duba.

"In an kashe wuta, ina rubutun ka zuwa?"

"Shina komawa umarni, Allah shi gafarta Malam," in ji Injiniya. "In an kunna, shi sake hitowa."

"Wa yab ba da umarnin?"

"Ni," na ce.

"Da gangan?"

"A'a."

"To, wanda bai sani ba, ba a kama shi. Amma yanzu ka sani. Ɗauke shi daga nan, kada ka ruhe shi, ɗauke shi."

"Malam, ba ɓawon da za ni biznewa."

Ya yi ɗan murmushi. "Abin da bai bar toka ba, ba shi son rami. Kai dai gyara bakin da yay yi umarnin." Ya nuna sitiyarin da sanda. "Wanga ko tsoho na iya gwadawa?"

Ya tuƙa wata akori-kura har gada, ya sauka ya tafi.

Na zauna da aikin. Na goge gajeren umarnin gaba ɗaya. Don in san fuskokin akwatin, na sa injin ya rubuta wa kowace lambarta a jikinta. Daga sifili yake farawa, ba daga ɗaya ba, shi ma wani tarko ne. Na juya akwatin sama da ƙasa har na riƙe su. Sannan na liƙa fatar da dogon umarni, fuska uku kawai, ɗaya bayan ɗaya. Ƙasa na ba ta launin ƙarfe, daɓe launin katako. Na sa aka ɗauke buhunan na duba, aka mayar. Daga nan na bi duk motocin da ke cikin hanyar ina kifar da su. Biyu na samu da rubutu ta ciki, sunan gari ne kawai, su ma na gyara. Motar Alhaji kuwa na fitar da ita daga hanya kamar yadda ya ce, na aje ta gefe.

Ban aika masa ba. Ban je ba shi haƙuri ba, don haƙuri ba ya gyara rubutu. Kwanaki shagon ya yi sanyi, masu koyo kaɗan, masu motoci babu. Na ji maganar da ake yi a gareji. Na yi ta allunan hanya.

Sai ranar wata kasuwa, ga Alhaji Mande shi kaɗai. Ashe sun haɗu da Malam Liman a wurin wata jana'iza. Ya yi sallama, bai zauna ba.

"Tana nan?"

"Tana nan, Alhaji."

Na fito da ita, na juyo masa gefen dama, inda rubutun ya fi kyau.

"Ba nan ba," in ji shi. "Kihe ta."

Na kifar da ita. Ya sa tabarau, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Ya bi daga tayar gaba zuwa ta baya. Ƙarfe ne kawai.

"Sauke kayan."

Na sauke buhunan. Katako ne kawai.

Ya cire tabarau ya sa aljihu. "To, tashe ta, mai da ta hanya. Mota ba ta kwana kihe ranak kasuwa." Ya kai bakin ƙofa ya waiwayo. "Amma kada a sake ba Labbo."

Tun daga ranar, duk wanda na yi wa aiki, a kife nake miƙa masa motarsa. Ya ga cikinta tukuna, sannan in tashe ta ya ga adon. Ku da ke leƙe ta taga kun sha gani kuna dariya, kuna cewa tsoho bai san sama da ƙasa ba. Wanda ke son koyo a cikinku ya shigo ta ƙofa. Akwati zan ba shi, ba rubutu, ya yi ta juya shi har ya nuna mini fuska ta shida.